Kocin da Ya Karɓi Besbol Bai San Wasan Ba

Bobigny, ranar Lahadi bayan la'asar

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka Lyon lafiya. Ya gajiyar hanya, ya baƙunta, ya sabon ɗaki? Allah ya sa kin dace da maƙwabta na kirki. Mu nan lafiya lau muke. Mamanki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki kada ki ajiye kilishin nan kusa da abin ɗumama ɗaki, kuma ki riƙa ci, ba ajiyar tarihi ta ba ki ba.

A tashar jirgi kin yi mini tambaya. Kin ce, "Baba, ka yarda ne, ko dai haƙuri kawai ka yi?" Kafin in haɗa amsa aka yi sanarwa, kika ja jakarki kika shige. To, ga amsar: na yarda, Ummi. Gaskiya ne na so ki zama injiniya kamar ni, kuma na ɗaure fuska da kika ce ilimin wasanni za ki karanta a Villeurbanne, can gefen Lyon, har kin karɓi horar da sabuwar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan matan jami'a. Amma tun da jirginku ya tashi nake ta murmushi ni kaɗai a cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har wata tsohuwa ta matsa daga kusa da ni. Filin da za ki tsaya a kai, ni ma na tsaya a kansa da usur a wuya. Kin san labarin, amma wanda nake ba baƙi a falo kika sani, wanda a cikinsa kullum ni ne gwani. Yau zan ba ki shi yadda ya faru, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

Lokacin da na baro Damagaram na zo karatu Lyon, ke kina goye, na bar ku ke da mamanki a gidan kakanki. Wanda ya tarbe ni a tashar tiram, ƙaramin jirgin cikin gari, shi ne Illiya, mutumin Tawa, mai karatun kimiyyar haɗa sinadarai. Ya girme ni, ya riga ni zuwa, shi ya nuna mini inda ake sayen nama na halal da yadda ake sa riga kan riga kan riga. Mu 'yan Afirka da ke ɗakunan ɗalibai ba mu da wata walwala sai ƙwallo. Muna buga ta a wani tsakar gida mai tsakuwa, da jakunkuna a matsayin raga, duk wanda ya faɗi sai ya tashi da jini a gwiwa. Da yake ni ne mai yawan surutu, mai gaya wa kowa inda zai tsaya, wata rana Illiya ya ce, "Laminu, tunda kai bakinka ya fi ƙafarka gudu, ka zama koci." Aka yi dariya, sunan ya bi ni. Haka na zama mai horar da ƙungiyar farko da muka kafa, ba takarda, ba kowa ya koya mini.

Abin da muke nema shi ne fili mai ciyawa. Na je biron wasanni na jami'a, wato ofishinsu, na samu shugabar wurin, wata farar mace mai furfura da kowa ke kira Madam. Ta ce duk filaye an raba, saura ɗaya, na safiyar Asabar, kuma na 'yan besbol ne. Mai horar da su ya koma ƙasarsu, sun rage 'yan kaɗan. In aka samu wanda zai riƙe su, sai a raba safiyar biyu, rabi besbol, rabi ƙwallon ƙafa. Amma da sharaɗi: a ƙarshen shekara dole su buga wasa cikakke da wata makaranta, in ba haka ba filin ya koma hannun 'yan rugubi. Sai ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ka san besbol?"

Ummi, ban taɓa ganin wasan nan ba ko a talabijin. Na ce, "Sosai ma, Madam."

Asabar ta zo. Na tarar da samari biyar suna jirana, da jakar kulake da safofin hannu na fata manya-manya. Wasan dai shi ne mutum ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri kamar dutse, wani ya doke ta da kulki, ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu kafin abokan karawa su tsinto ta su jefa wa mai tsaron tashar. Wannan na karanto a ɗakin karatu, na kuma ɗauka ya isa. Na zura safa a hannun dama, na hura usur, na ce kowa ya zagaya tashoshin da gudu, na nuna musu hagu. Suka kalli juna, suka bi hagu. Suka dawo na ce a sake. A cikinsu akwai wani ɗan Japan mai suna Kenji, siriri, mai ladabi ƙwarai. Ya bari sai da sauran suka tafi shan ruwa, ya matso ya ɗan rusuna ya ce, "Koci, wataƙila a ƙasarku ta hagu ake bi. Mu a wajenmu ta dama ne. Kuma safar, in mutum da dama yake jifa, a hagu yake sa ta."

Na tsaya da safa a hannu kamar wanda aka kama da tukunyar miya. Sai dariya ta ƙwace mini, na kira su duka na ce, "Jama'a, ban san wasan nan ba. Fili nake so." Suka fashe da dariya har wani ya kwanta a ciyawa. Ashe tun daga usur ɗin farko suka gane, domin ba a hura usur a besbol. Kenji ya ce ba komai, shi zai koya mini wasan, ni kuma in yi abin da na iya, wato tara mutane da hana su gudu in sanyi ya yi. Haka muka yi, kuma tafiyar ta yi kyau.

Don haka ki saurara. 'Yan matan da za ki horar, wasu sun buga ƙwallo a wuraren da ba ki taɓa zuwa ba, wasu ma sun girme ki. Duk ranar da aka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba tun da wuri, ki tambayi wadda ta sani. Ba za su raina ki don wannan ba. Ni ranar da na faɗi gaskiya, ranar suka fara kirana koci da zuciya ɗaya. Ƙaryar da na yi wa Madam kuwa, ba na so ki gaje ta. Na koma na gaya mata bayan mako biyu, ta ce ai ta sani, tana so ne ta ga ko zan dawo.

Da muka samu ciyawa sai ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta cika. Aka zo daga ko'ina, 'yan Senegal, 'yan Maroko, har Faransawa. A ciki akwai wani dogo ɗan Kamaru wanda in ya tsaya a raga sai ka ga kamar an sa mata ƙyaure. Illiya ne mai tsaron gidanmu tun zamanin tsakuwa. Hannunsa kamar da gam, duk abin da ya taɓa ya kama, amma jikinsa ya yi nauyi, kafin ya yi tsalle ƙwallo ta riga ta shige. Na san dole a canja. Na kwana biyu ina juya maganar, na kasa tunkararsa, saboda tukunya ɗaya muke ci. Sai na zaɓi hanyar matsorata. Ranar wasa, a gaban kowa, na kira sunayen waɗanda za su shiga, na tsallake nasa.

Illiya ya miƙe. Ya cire safarsa ya miƙa wa dogon nan, ya zauna a benci har aka tashi, ya tafa mana da muka ci. Amma daga ranar ya daina ƙwanƙwasa ƙofata in ya dafa shinkafa. In mun haɗu a masallaci sai gaisuwa sama-sama. Da abin ya ishe ni na je ɗakinsa. Ya ce, "Laminu, kana tsammani ban san yaron nan ya hi ni ba? Na sani tun ran da ya zo. Da ka zo nan ka ce mini, Illiya ka huta, da ni da kaina zan kai mishi safar. Amma a tsakar mutane? Ni da na ɗauko maka jaka daga tiram?"

Na ba shi haƙuri. Ya ce sai ya yi tunani, amma ya zuba mini abinci.

Ki riƙe wannan, Ummi, domin zai zo miki, ba makawa. Za ki ajiye wata a benci, wataƙila ma wadda ta fi kusa da ke. Ajiyewar ba laifi ba ce, aikin ke nan. Amma ki same ta ita kaɗai tun kafin ranar, ki gaya mata da bakinki, ki faɗi dalili, ki tsaya ki ji abin da za ta ce ko da ba daɗi. Kada wata ta taɓa jin labarin kanta a tsakiyar taro.

Ana nan sai ƙarshen shekara ya matso, ga 'yan besbol biyar, wasan kuwa sai da mutum tara. Na tara 'yan ƙwallon ƙafa na ce duk mai son ciyawar nan ya zo ya ɗauki kulki. Mutum uku suka yarda, saura ɗaya. Kenji ya ce mini abin da ya fi damunsa shi ne tashar farko, domin can ake ta jefo ƙwallo, ana son mutum mai hannu, ba sai ya yi gudu ko tsalle ba. Ban jira ya ƙarasa ba na nufi ɗakin Illiya. Ya ce, "Wasan sanda? Ni da girmana?" Na ce ya zo ya gwada sau ɗaya. Kenji ya jefo masa da sauƙi, ya cafke. Ya jefo da ƙarfi, ya cafke. Ya jefo ta ƙasa, ta sama, ta gefe, Illiya yana tsaye wuri ɗaya yana tsinkar su kamar mangwaro. Kenji ya juyo ya ce mini, "Ina kuka ɓoye wannan mutumin?" Illiya ya yi kamar bai ji ba, amma na ga gefen bakinsa.

Ranar wasan aka tashi da yayyafi. Abokan karawarmu suka sauko daga mota da riguna iri ɗaya da huluna, mu kuwa kowa da abin da ya samu. Madam ta zo da lema ta tsaya a gefe. Tun farkon wasa suka yi mana nisa, ban ma san yadda ake lissafin ba sai dai in ga Kenji yana lumshe ido. A cikin 'yan ƙwallon da na aro akwai Mutari, ɗan Maraɗi, ɗan tsakiya ne a wajenmu. Can wajen ƙarshe wani ƙato ya doko ƙwallo ta taho a ƙasa da gudu ta nufo shi. Mutari ya manta da akwai safa a hannunsa. Ya tare ta da ƙafa, ya ɗaga kai, ya buga wa Illiya fas kamar yadda ya saba. Ƙwallon ta tashi ta faɗa cikin safar Illiya kafin ƙaton ya iso.

Alƙalin wasa ya cire hula ya sosa kai, ya mayar, sannan ya ɗaga hannu ya ce mai gudun ya fita, domin babu dokar da ta hana. Ummi, ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Abokan karawarmu ma suka zubar da kulake suna tafi. Kenji mai natsuwa ya durƙusa yana dariya har da hawaye. Mutari kuwa yana tsalle da ƙafa ɗaya yana cewa, "Wayyo babban yatsana! Koci, wannan ai dutse ne!" Ya yi mako yana ɗingishi, yana kuma ba kowa labari. An cinye mu, ci mai yawa, amma mun buga wasan har ƙarshe. Madam ta zo ta ba ni hannu ta ce filin namu ne, ta ƙara da cewa a rayuwarta ba ta taɓa ganin besbol irin wannan ba kuma ba ta fatan sake gani. Muka taka har bakin kogi muna waƙa, Illiya na gaba da safarsa a ka.

Shekarar da ta biyo muka fara ci a besbol ɗin, daga baya har aka riƙa jin tsoronmu. Amma in kin tambaye ni ranar da ta fi mini daɗi a duk shekarun da na yi ina horarwa, wannan ce. Sabuwar ƙungiya gare ki, za a ci ku, wataƙila sau da yawa. Ni a farko duk ranar da aka ci mu sai in dawo ɗaki in ƙi cin abinci, in ƙi gaida mutane, kamar an yi mini rasuwa. Wauta ce. Ki bari yaranki su yi dariya ko da an ci su. Waɗanda suka yi dariya tare su ne suke dawowa atisaye ranar da ake sanyi.

A shekara ta uku Allah ya nufa kuka zo, ke da mamanki. Ɗaki ɗaya ne, taga ɗaya, tana kallon layin tiram. Mamanki ba ta jin Faransanci a lokacin, ba ta san kowa ba. Ni kuwa Litinin zuwa Juma'a ina makaranta, Asabar ina fili tun safe, in na dawo kuma labarin fili ne. Ban lura da komai ba. Wata Asabar ina tsakiyar ba da umarni sai na ga 'yan wasa sun daina saurarona suna kallon bayana. Na juya, ga mamanki da mayafinta, ta riƙo hannunki, ɗaya hannun da babban fulas na kunun gyaɗa. Ita kaɗai ta hau tiram, ta bi sunan tashar da ta ji ina faɗa. Ta ce, "Malam, tunda filin nan ne gidanka, mun tare."

'Yan wasa suka shanye kunun tas. Daga ranar Asabar ta zama tamu duka. A bakin filin nan ta samu ƙawayenta na farko, matan wasu ɗalibai, a nan ta fara Faransancinta, kuma kalmomin da ta fara iyawa duk na yi wa alƙalin wasa gardama ne. Amma ban manta ba cewa ita ce ta nemo ni. Ke ba ki da miji tukuna, amma kina da karatu, kina da salla, kina da jiki da ke buƙatar barci, kina da uwa da ke duba waya. Fili ba ya cewa ya ƙoshi. Ke za ki yanka masa lokacinsa, in ya cika ki kulle jakar ƙwallaye ki tafi gida.

Da na gama karatu na samu aiki a Paris muka dawo Bobigny, na miƙa usur ga wani. Sauran kin sani, domin da wayonki. Na riƙa tara yaran unguwa ranar Lahadi a filin bayan benaye, kina bina da gorar ruwa. Kina tuna ranar da kika ce in sa ki? Na ce 'yan maza ne, za su ture ki. Gaskiyar magana, bakin mutane na ji wa tsoro, kada 'yan uwanmu da muke haɗuwa a unguwar Barbès su ce ɗiyar Laminu tana guje-guje da maza. Kika zauna a gefe ba ki yi kuka ba. Can ana cin mu kika jawo hannun rigata kika ce, "Baba, mai lamba huɗu nasu ba ya juyawa ta hagu. Ka tura Karim can." Na ce ki yi shiru. Bayan ɗan lokaci na tura Karim, ɗaya daga cikin yaranmu, can, kamar dabarata ce, muka farke. A hanyar gida kika dube ni kika yi murmushi. Kina da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Mamanki ce ta kai ki ƙungiyar 'yan mata daga baya, ni sai sa hannu na yi.

Na horar da 'yan ƙasashe da yawa, na gano mai tsaron tasha a jikin tsohon mai tsaron gida, amma wadda ta fi kowa ganin wasa tana cin tuwo a gabana ban gan ta ba. To, yanzu na gani. Ki duba benci da kyau, ki duba masu riƙe ruwa da masu shiru. Kuma in wani ya yi miki kallon banza don ke mace ce, ko don ɗankwalinki, ko don launinki, kada ki ɓata bakinki a kansa. Ki gaishe shi, ki ci gaba da aikinki.

Kawunki Illiya yana nan Lyon bai tashi ba, na yi masa waya ya san kin zo. Ki je ki gaishe shi da iyalinsa ranar Juma'a, ki durƙusa yadda aka koya miki. Zai ba ki labarin wasan nan, a nasa shi kaɗai ya yi komai. Ki bar shi.

Saura magana ɗaya. Kada ki kira ni ki ce wa zan sa, wa zan cire. Ki kira ni ki ce kin ci abinci, kin yi salla, an yi ruwa ko ba a yi ba. Ƙungiyar taki ce. Mun riga mun yanki tikitin jirgi ni da mamanki don wasanku na farko, ta ce ita ma sabon leshi za ta sa. Za mu zauna cikin 'yan kallo kamar kowa. Ki dai aiko mini da launin rigarku tun da wuri, domin idona ya fara rauni, kada in je in yi ta yi wa 'ya'yan wasu tafi. In an tashi, ko kun ci ko an ci ku, zan sauko in ba ki hannu a gaban yaranki in ce, "Sannu da aiki, koci."

Allah ya tsare ki a ɗaki da hanya da fili. Allah ya kare gwiwoyin yaranki da idon sawunsu, ya haɗa kansu, ya sa su ji maganarki. Allah ya ba ki ilimi mai amfani da abokai na gari, ya raba ki da sharrin mutum da na sanyi, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya yi miki albarka, Ummi, albarka mai yawa.

Wassalam.

Naki har kullum,
Babanki, Laminu